Baffa Gudaji da Ƙarafan Asibiti

Gumel,
11 ga Yuni, 1977

Zuwa ga ƙanwata Murja,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar zumunci, da fatan takardar nan ta same ki lafiya a Ibadan, karatun jinya kuma yana tafiya daidai. Allah ya ba ki sa'a. Inna tana nan da sauƙin ƙafar. Ruwa ya sauka sau biyu a Gagarawa har an yi shuka, mu dai a Gumel muna ta duban gabas.

Maganar Baffa Gudaji ce ta sa na rubuto, kuma ba mai daɗi ba ce. Kin san gyambon cikin da ya daɗe yana kashewa da kanwa. Ranar Alhamis ta ƙarshen watan jiya, yana tsakiyar cinikin shanu a kasuwar Maigatari, ya durƙushe riƙe da ciki. Aka kawo shi Gumel, daga nan muka wuce da shi Kano. Likita ya ce gyambon ya huda tumbi. Suka tsaga, suka ɗinke hujin da zare, fatar waje kuwa suka haɗe ta da waɗansu 'yan ƙarafa farare guda goma sha biyu. Kowanne bai fi farce ba, ya cije gefe biyu na tsagar kamar cizon gwano. Aikin ya yi kyau. Kwana biyar ya matsa sai an sallame shi, suka yarda bisa sharaɗin a rana ta goma a cire ƙarafan a asibiti, da wani ɗan hantsaki da aka ƙera don haka.

Akwai laifina a nan. A mota muna mayar da shi gida garin Sule Tankarkar, Baffa ya tambaye ni ko da gaske ƙarfe ne a jikinsa. Na ce e, na yi dariya, har na hau ba shi labarin da na karanta a mujallar da kika aiko, cewa waɗansu likitoci a Japan suna gwada zura irin wannan ƙarfe ta baki, cikin siririn bututu mai fitila, su matse gyambo daga ciki ba tare da tsaga ba. Na manta sarai cewa Baffa ɗan tauri ne tun samartaka, kuma shekara arba'in yana ji a ransa cewa ƙarfe ba ya kama shi.

Hajjo, matarsa, ta ce tun da suka isa gida bai huta ba. Duk ƙaiƙayin da wurin ya yi, sai ya ce maganinsa ne ke faɗa da ƙarafan, in ba a raba su ba ɗaya zai kashe shi. Da ta tuna masa ai wuƙar likita ta yanke shi lafiya lau, sai ya ce lokacin an sa shi barci, maganin ma barci ya yi, yanzu kuwa duka sun farka. Kashegari ya aika aka kira Ilu wanzami. Ilu ya so ya ƙi, Baffa ya ce masa in tsoro yake ji ya koma askin jarirai. Da matsefata ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, suka barbaɗa garin bagaruwa, suka ɗaure da tsumma.

Na je shekaranjiya na gani da idona. Tsagar ta buɗe daga sama, tsawon ɗan yatsa, tana fitar da ruwa mai wari. Jikinsa zafi rau, kunu kaɗai yake iya sha, shi ma kaɗan. Ma'aikacin asibitin da na ɗauka muka je ya wanke wurin ya yi masa allura, amma ya ja ni gefe ya ce aikin ya fi ƙarfinsa. In ruɓar ta shiga ciki, ba ya jin za a yi mako biyu.

Baffa ya ƙi komawa Kano. Na rantse masa cewa wannan karon ba za a sa ƙarfe ba, wankewa za a yi, in ma za a ɗinke da zare ne. Ya ce ni ɗan jarida ne, bakina ɗaya da na likitoci, kuma ai ni ne na ce har ta maƙogwaro suke ɗura wa mutum ƙarfe. Liman ya yi magana, babban yayanmu Hamma Isa ya yi, duk a banza. Daga ƙarshe ya ce mutum ɗaya ce ta san asibiti kuma ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, wato 'yar da ya goya a kafaɗa. In Murja ta ce ya je, zai je.

Don haka ranar da kika karanta wannan, ki je gidan waya ki bugo mini waya, wato telegiram, a ofis. Kada ki tsawaita, ki ce zare ne, ya tafi Kano, ki sa sunanki. Takarda takan yi kwana shida zuwa gare ki, ban sani ba ko Baffa zai kai kwanakin nan. Na yi shawara da kaina: in jikin ya ƙara rikicewa kafin wayarki ta iso, zan rubuta kalmomin nan da hannuna in karanta masa a matsayin naki. Amanarki kaɗai ta rage masa, ni kuma zan ci ta da sunanki. Na gaya miki tun yanzu don kada ki ji a bakin wani. Ki yafe mini.

Inna da Hajjo suna gaishe ki, haka Fadimatu da yara. Ki gaishe da Malam Hussaini da iyalinsa, ki ce a sa Baffa a addu'a. Allah ya sa mu ji alheri.

Ni ne yayanki,
Ƙasimu