Soson da Gwaggo Ta Shanya

Zuwa ga maigidana Shaame,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da ɗanmu Kombo, kuma tarin nan nasa ya sake shi. Ni jiki lafiya, rai ne a jagule.

Ka tuna jan soson tekun da nake ba ka labari, wanda ruwansa ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a ɗakin gwajinmu, har irin wadda ta daina jin magani? Na sake samo shi. Na yi nutso har kunnuwana suka toshe, na cika kula, na danna ƙanƙara, na ajiye a gidan Gwaggo Mtumwa inda na sauka, na tafi neman jirgin da zai kai shi Dar es Salaam.

Ka san mutanenmu na Pemba, ba sa ganin abu da danshi su ƙyale shi. Ina dawowa na tarar ta ɗauraye shi da ruwan rijiya, ta baza a tabarma kusa da kanumfarinta, rana ta gasa shi ƙayau. Wai ƙarni ya ishe ta, kuma ƙanƙarar ta yi wa baƙi amfani. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ita kuwa tana ta mamakin likitar da ke yi wa soso makoki.

Shugabarmu ta riga ta faɗa mini, in ba a maimaita gwajin bana ba, za a rufe aikin.

Taka,
Riziki

Maigida,

Bayan gaisuwa, yaya Mama da ƙafarta? Na gode da lallashinka, amma cewa da ka yi in koma in ɗebo wani ya nuna birni ya cinye ka. Washegarin ɓarnar aka rufe gefen tekun mai duwatsun murjani inda soson yake, don pweza, halittun ruwan nan masu hannu takwas, su yi ƙiba, ba mai tsoma ƙafa sai dattawa sun buɗe. Kafin nan iskar kudu ta taso, nutso ya gagara.

Na je gaban dattawan da takardun izinina. Mzee Faki, wanda ya goya ni ina ƙarama, ko kallonsu bai yi ba. Ya ce, "'Yata, in muka buɗe wa likita yau, gobe duk garin nan likitoci ne, kowa da ƙugiyarsa." Aka kwashe da dariya. Haushin da na ji shi ne gaskiya ya faɗa.

Na tattara busasshen na aika haka nan, don kada a ce ban aiko komai ba. Ka sa ni a addu'a.

Riziki

Shaame nawa,

Ina gaishe ka da zuciya wasai. Ka sumbaci Kombo, ka ce ina tafe da alewar halwa.

Sakamako ya fito. Busasshen ya yi aiki, ƙarfinsa bai ragu ba ko kaɗan! Shugaba da kanta ta kira, ta ce abin da ya jure zafin ranar Pemba ba zai nemi firji a asibitin ƙauye ba, kuma ba mu taɓa tunanin gwada hakan ba. Aiki zai ci gaba. Kada ka cika baki a masallaci tukuna, ba magani ba ne har yanzu, da sauran shekaru, kuma yana iya ƙi.

Gwaggo kuwa ba a magana. Tana bin gida-gida tana cewa ni na yi karatun, ita ta yi aikin. Har ta ɗora tukunya za ta dafa wa jikokinta guntun da ta ɓoye, da ƙyar na ƙwace, na rantse mata in ba a tace shi ba guba ne. Ta ce rowa ce irin ta 'yan boko.

Shaame, tun da zazzaɓin nan ya ɗauke mana 'yarmu Pili ban yi barci irin na jiya ba, sai da Gwaggo ta tashe ni sallah.

Matarka mai kewarka,
Riziki