Zakuna Uku a Ƙirjin Morven

Litinin, 4 ga Maris

Morven ta zaɓi Ingila. Jikata, wadda ni na koya wa ƙwallo a bayan gidan nan na Dumfries. Ƙungiyoyin 'yan mata biyu suka neme ta, tamu ta Scotland da ta ƙasar ubanta, ta bi uban. Ta waya ta gaya mini. "Kaka, ka ce wani abu mana."

Laraba, 6 ga Maris

Wasanta na farko wai da mu ne. Na gaya wa uwarta Elspeth ba za ni ba, ko gawata ba za ta zauna cikin 'yan Ingila ba. Ta ce, "Baba, kai fa ka riƙo hannuna a coci ka miƙa ni ga ɗayansu."

Asabar, 9 ga Maris

An turo hoton Morven cikin farar rigar Ingila. Zakuna uku a ƙirji, dogaye, duk sun juyo suna kallona. Namu ɗaya ne, ja, a tsaye da farata. Raina ya ɓaci sosai.

A mashaya na tambayi Dougal, tsohon malamin tarihi, ina suka samo har uku. Ya ce yadda ake faɗa, wani sarkinsu yana da ɗaya, ya auro 'yar gidan da su ma zaki ne tambarinsu, suka zama biyu. Jikansa ya auro wata daga Faransa, uku ke nan. Sarakunan ma Faransanci suke yi.

Na ce to namu fa?

"Mutumina, ka taɓa cin karo da zaki a hanyar Glasgow?"

Na dawo kaina a ɗaure. Ashe ta aure suka taru. Tun ina yaro nake tsage maƙogwaro a kan dabbar da ba tamu ba, ba tasu ba. To me nake wa fushi? Amma fushin na nan.

Talata, 19 ga Maris

Morven ta zo da kanta. Ta sha miyar da na dafa, ta ce gishiri ya yi yawa kamar kullum. Ba ta roƙe ni ba. Ta ce, "Kaka, su sun ce bana zan buga. Namu sun ce in jira baɗi."

Namu, ta ce. Ban san inda zan ajiye wannan ba.

A bakin ƙofa ta ƙara, "Ina shiga fili kai zan fara nema. In ba ka nan, shi ke nan, na gane."

Alhamis, 21 ga Maris

Na wanke shuɗin mayafin wuyana, mai launin Scotland. Datti ya yi, ba wani abu ba.

Lahadi, 24 ga Maris

Na je. Na zauna kusa da ubanta Clive, ni kaɗai mai shuɗi a layin. Ta fito, ta dudduba, ta gan ni, ta kawar da kai da sauri. Na rera taken ƙasarmu har murya ta dishe.

Bayan hutun rabin lokaci aka bugo kwana. Morven ta tashi sama ta sa kai. Ragarmu.

Ban san ya aka yi ba, sai na tsinci kaina a tsaye, hannu biyu a sama. Clive yana kallona baki buɗe. Na ce masa gwiwata ce ta sage, dole in miƙe. Ya ce, "Haka ne, Baba, kujerun nan ba su da kyau."

An ci mu ɗaya da nema. Har yanzu ina jira abin ya yi mini ciwo.