Katakon da Ka Aiko wa Mahaifinka

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Rabi da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Jos? Mu nan Madabo sai godiya.

Wasan katakon da ka aiko ya iso. Da farko raina ya ɓaci. Mahaifinka na fama da shanyewar hannu, kai kuma abin wasa ka aiko. Amma yaran yayanka suka jera ƙananan katakan hawa-hawa a tsakar gida, kowa ya zare ɗaya ya ɗora a sama. Wanda ginin ya rushe a hannunsa, shi aka ci. Malam, mahaifin naka, ya ce a matso masa da shi.

Sai yaran suka riƙa rushe shi da gangan kafin a zo kansa, don kada ya ji kunya. Ya gane. Ya ce, "Shekara arba'in ina jera tubali, ni za ku ji wa tausayi?" Ya sa hannun nan mai rawa ya zaro ɗaya, ginin ya zube. Ƙaramarsu Hauwa ta ce, "Angona ya rushe mana ɗaki, na fasa auren!" Ya yi dariya har da hawaye, irin wadda ban ji ba tun kwanciyarsa. Yanzu kullum bayan la'asar sai an buga.

Ka kyauta, amma tun kafin soja su miƙa mulki rabonka da gida. Wannan ba daidai ba ne. Ka zo ya gan ka da idonsa. Ka riƙe salla, ka sa shi a addu'a. Ka gaida Rabi.

Mahaifiyarka,
Hajiya Binta