Ragar da Farfesa Ya Raina

Zuwa ga tsohuwar ɗalibata,

Gaisuwa daidai gwargwado. Bayan haka, na ji maiɗakina ta bi ta bayan fage ta roƙe ki ki sa ni cikin masu gwajin maganinki, wai don na fara mantuwa. To, ki goge sunana.

Har yanzu tatsuniyar nan ce dai? Wai fararen ƙwayoyin jini sukan fashe su watsa kayan cikinsu kamar raga don su kama cuta, sai ragar ta maƙale a jijiyoyin ƙwaƙwalwa tana cin mai ita. Ke kuma ga gwana, kin haɗa maganin narkar da raga! Ranar da kika fara kawo mini wannan shirmen na ce dattin gilashi kike gani a madubin bincike, kuma ina nan kan bakana. Tun ba ki san hanyar makaranta ba nake yanka ƙwaƙwalwa. Ba zan miƙa tawa ga yarinyar da ko kwalba ba ta iya wankewa ba.

Ki gaida ɓerayen gwajinki.
Malaminki.

*

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jiki da sauƙi. Saƙo ya iso, har da kwanan wata iri biyu a kansa. Bakin ne dai bai manta komai ba.

Dattin nan ya fito a ɗakunan bincike da dama, sai dai in duk duniya ba a iya wanke gilashi ba sai kai. Raga tana nan, ko ka yarda ko ka ƙi. Ban ce maganin zai warkar ba, gwaji ne. Kuma sai wanda cutar ba ta yi masa nisa ba, wanda zai karanta bayani ya gane, ya sa hannu da kansa.

Wallahi ba don kai nake yi ba, raini ya daɗe da shiga tsakaninmu. Don Mama maiɗakinka ce, da ke share mana hawaye in ka tsinka mu gaban jama'a. Na riƙe maka gurbi zuwa ƙarshen wata. In girman kai ya hana, akwai wani tela yana jira, shi burinsa kawai ya riƙe sunayen jikokinsa.

Allah ya ƙara lafiya.
Mai wankin kwalba.

*

Zuwa ga likita,

Salamu alaikum. Na tsinci wasiƙarki cikin aljihun riga. Ki yi haƙuri, ban gane ko wace ce ke ba. Wata mata mai kirki da ke gidan nan ta bayyana mini maganar ragar, kuma ta shiga kaina sosai. Ta ce watan ya daɗe da wucewa, tana ta kuka, ban san dalili ba.

In da sauran wuri, ina so. Wanda ya koyar da ke ya iya aiki, ki gaishe mini da shi.

Na gode.