Rabin cokalin da ya ɓace daga shafina

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin ki ɓoye sunana. Mijin 'yata ya rage haruffan shafina bai faɗa mini ba, 'yata ta sani ta haɗiye maganar, yanzu ga jaririyar mutane kwance a asibiti an ɗaura mata ruwa, kuma ana ɗora wa uwarta laifin da ba nata ba. Maganar ke nan, ban zo in yi mata kwalliya ba. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin wata ta fara mini wa'azi.

Ni ba 'yar boko ba ce tun asali. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Kinkinau, da furfurata na zauna a benci ina koyon riƙe fensir, ana dariya ina ci gaba. Da na iya sai na ƙi zama, na fara taya ma'aikatan asibitin unguwarmu fassara wa mata bayani ranar awo, daga nan na buɗe aji biyu na matan aure, ɗaya a unguwarmu ɗaya a Katabu. Abin da nas ta faɗa da Turanci nakan rubuta shi da Hausar da muke yi a tsakar gida, wanke hannu, shayarwa, zazzaɓi, gudawa. Da matan suka yi yawa, saƙonnin murya suna ɓacewa a cikin guruf tsakanin gaisuwar Juma'a da tallan atamfa, sai aka ce a yi mini shafi a intanet, wuri ɗaya da kowa za ta buɗe ta karanta.

Wanda ya yi mini shafin surukina ne, ma'aikacin gwamnati ne a ɓangaren kwamfuta, suna zaune a Unguwar Sarki. Bai karɓi komai ba, kuma ban taɓa jin wani mugun abu a kansa ba. Amma ku gane yadda muke. Tun da ya auri yarinyar nan ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. In ya zo gaisuwa a bakin ƙofa yake durƙusawa idonsa a ƙasa, ni kuma in amsa ina kallon bango. Ni da nake tsayar da mai unguwa a kan titi in faɗa masa magudanarsa ta toshe, wannan yaron ba na iya haɗa ido da shi, haka na tashi na ga iyayena suna yi. Ita ma 'yar tawa 'yar fari ce, ba na kama sunanta, ke nake ce mata. To duk maganar shafin nan ta bakinta take bi, in ce ke gaya wa maigidanki kaza, shi ma ya ce gaya wa Mama kaza.

Ni na nemi a sa mini rubutu irin na allon aji, harafin a mai zagayayyen ciki kamar yadda muke yi da alli, ƙ da ɗ da ɓ kowanne da lanƙwasarsa a fili, don sabbin masu karatu suna tuntuɓe da irin rubutun waya. Ya samo mai kyau. Sai dai shafin ya zama ba ya buɗuwa, matan Katabu da sabis ɗinsu yake zuwa yana tafiya suka fara ƙorafi, kafin ya buɗe data ta ƙare. Na ce ke, gaya wa maigidanki abin nan nasa ya cika nawa, matana ba matan ma'aikata ba ne. Ba a jima ba sai ga shi yana buɗewa kafin ka ɗauke yatsa. Na aika masa da sa albarka, ban tambayi yadda ya yi ba.

Sai shekaranjiya na san yadda ya yi, ta bakin 'yata. Ashe irin rubutun nan, font suke ce masa, kamar akwati ne cike da haruffa, duk wayar da ta buɗe shafin sai ta fara sauke akwatin. A ciki akwai haruffan ƙasashen da ba mu ma san da su ba, da alamomi barkatai, shi ne nauyin. Sai ya duba duk rubutun da na taɓa sawa, ya bar haruffa da lambobin da na yi amfani da su, ya kwashe sauran. Abin da ya kwashe kuma gurbinsa fari yake fitowa, ba akwati ba, ba alamar tambaya ba, fari tas kamar ba a taɓa rubuta komai a wurin ba. Ya ce shi ma bai so ya fito haka ba, manhajar da ya yi aikin da ita ce ta bar guraben a buɗe. Amma ya san akwai hatsari, don ya ce wa matarsa ta gaya mini duk ranar da zan sa wata alama da ban taɓa sawa ba in dakata in sanar da shi tukuna. Abin da ya iso kunnena shi ne, Mama ya ce ya gyara, ki ci gaba da rubutunki. Da na titsiye ta sai ta ce, Mama ta yaya zan buɗe baki in ce ki nemi izinin surukinki kafin ki yi rubutu, ai da kin cinye ni ɗanya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya ta yi ba, da na cinye ta.

Da damina ta kama yara suka fara gudawa, sai na rubuta darasin ruwan gishiri da sukari. Na sa a sayi na leda a kemis in da hali, a kai yaro asibiti, in babu kuma kafin a isa ga yadda ake haɗawa, ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri ƙaramin cokali rabi. Duk rubutuna na baya rabi nake rubutawa da haruffa. Ranar nan sai na danne lamba ɗaya a wayata, ga alamar nan ta rabi ta fito, ɗaya a sama biyu a ƙasa, irin wadda na sha wuya a kanta a aji har malamarmu ta ce in yi haƙuri in wuce. Wallahi daɗi ne ya kama ni, na ce yau za a ga Malama ta san lissafi. Na goge rabi na sa ta. A inda nake rubutawa ta fito rangaɗaɗau, don can rubutun waya ne na yau da kullum. Na tura, ban koma na buɗe shafin na duba ba, ban taɓa komawa ba dama.

Akwai ɗalibata a Katabu, 'yar Zamfara ce, matar wani direban tifa, ita ce ta fi kowa naci a ajin, da goyo take zuwa ta zauna gaba. 'Yarta da ba ta shekara ba ta kamu, mijin yana hanya, ruwan sama ya cika layinsu. Ta buɗe shafina ta haɗa ta yi ta ba yarinya. Yarinya ta ƙi lafawa, ta fara wani irin kuka, daga baya jikinta ya fara fizga. Maƙwabta suka kai su asibiti. Likita ya ce gishiri ya yi yawa a jinin yarinyar, ya tambayi me aka ba ta. Ban sani ba ko haɗin ne kaɗai ya jawo ko ciwon ne ya riga ya ci ƙarfinta, ni ba likita ba ce, amma na san abin da na gani.

Na je dubiya da kunu a fulas. Tana ganina ta kama hannuna tana kuka, tana cewa laihina na Malama, ni ban iya ba, na yi gaugawa. Na ce nawa kika sa, ta ce cokali guda ta cika shi, haka ta gani. Na ce ba ni wayar in nuna miki inda kika tsallake, har da ɗan faɗa a muryata, Allah ya yafe mini. Na buɗe. Sukari ƙaramin cokali 6. Gishiri ƙaramin cokali, sai fari. Na goge gilashin wayar da mayafina, na sake dubawa. Na fito da tawa wayar na buɗe shafin, shi ma fari. Na zauna a ƙasan siminti kusa da gadon. Matar nan ba ta tsallake komai ba, harafi bayan harafi ta bi kamar yadda na koya mata, ni ce nake ce musu kada ku ƙara kada ku rage, abin da ke rubuce shi za ku yi. Ta ce Malama lafiya, na ce jiri ne. Ban gaya mata ba. Ni da ake cewa bakina ba ya da linzami, na miƙa mata wayarta na ce Allah ya ba da lafiya.

A bakin asibitin na tsaya na goge darasin, na yi saƙon murya na tura duk guruf ɗin da nake ciki cewa gishiri rabin ƙaramin cokali ne, rabi, duk wadda ta ga wani abu daban kada ta bi. Amma matanmu hoton shafi suke ɗauka su tura wa 'yan'uwa, ban san ina da ina ya kai ba. Tun ranar duk wayar da ta yi ƙara sai in ɗauka ina jiran a ce wata ce kuma. In na yi kabbara sai in ga farin gurbin nan a gabana.

Ga kuma mijin ɗalibar tawa. Ya dawo daga hanya ya same ta a ɗakin marasa lafiya, matan da ke gadajen kusa suka ce ya wanke ta tas, ya ce karatun tsufa ne zai kashe masa ɗiya, wadda ba ta gama sanin baƙi ba ta mai da kanta likita. Ya rantse in aka sallame su ta bar aji har abada, in kuma wani abu ya sami yarinyar ta tattara ta koma ƙauyensu. Ita kuma ta sunkuyar da kai ta karɓa, don ta yarda ita ta yi. Mutum ne mai zafi, an ce ya taɓa fasa wa kwandasta baki a tasha. In na je na ce masa rubutuna ne ya zo da giɓi ban san me zai yi mini ba, ban san ko 'yan sanda zai kira ba, ko gidan rediyo, ko samarin layinsu. In ya tambayi wa ya haɗa shafin fa? 'Yata ta zo har gida ta durƙusa, ta ce Mama ki rufa mana asiri, aikin gwamnati ne, ko ƙorafi aka kai ofishinsu ya isa, kuma in ya gane ban isar da saƙonsa ba ban san inda aurena zai tsaya ba. Ta ce tunda an goge a bar shi a goge. Na ce ke tashi ki ba ni wuri, 'yar wani tana can da allura a ka kina mini maganar ofis. Amma bayan ta fita na yi kuka, don ita ma 'yata ce.

To ku gaya mini. In je in faɗa wa mutumin nan gaskiya a asibiti, ko in jira a ga yadda jikin yarinyar zai yi? In tafi ni kaɗai, ko in nemi limaminsu ko wani dattijo ya shige mini gaba? In ɗauki abin duka a kaina in ce ni na manta ban rubuta ba, wanda ƙarya ce, ko in faɗi yadda aka yi har da surukina? Ita uwar kam na yanke zan gaya mata, ba zan bar ta tana zaton ba ta iya karatu ba, amma in na gaya mata ai kamar na gaya masa ne. Masu ilimin addini da ma'aikatan lafiya da ke zauren nan, ku nake so in ji, kuma kafin lokacin dubiya na yamma.

Abu ɗaya dai na riga na yi ban jira ku ba. Yau da safe na hau keke napep na tafi Unguwar Sarki kafin ya fita ofis. Na same shi yana goge gilashin mota, yana ganina ya saki tsumman zai durƙusa. Na kira sunansa na yanka, na ce tashi. 'Yata tana bakin ƙofa da farantin shayi tana kallonmu. Na shiga falonsu na zauna a kujera, na ce ya zauna a ta kusa da ni, na sa masa wayata a hannu na ce ya nuna mini duk abin da ya bari da duk abin da ya cire, ɗaya bayan ɗaya, ba zan tashi ba sai na gani da idona. Ya karanta layin gishirin a hoton shafin da na ɗauka kafin in goge darasin. Da ya ɗago idonsa ya yi ja, ya ce Mama wallahi na aiko. Na dube shi tsakiyar ido na ce na sani, daga yau ba aike, ka ɗauko kwamfutarka.