Gicciyen da Kika Ɗaga da Hannu Ɗaya

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da ladabi daga ɗanki Bitrus, wanda ya bar makaranta a aji uku don malamai su huta. Rubutun yana nan yadda kika bar shi, sai haƙuri.

Gobe Jumma'a Mai Kyau. Ina tuna gidanmu na Kontagora a wannan rana: turmi a kife, tukunya ba nama, ke da baƙin ɗankwali. Daga sha biyu zuwa ƙarfe uku kin hana dariya, domin lokacin ne Yesu yake rataye. Wannan ya fi mini azumin wuya.

Kin tuna bayan samun 'yancin kai, da katikis, malamin cocinmu, ya ce ni zan sassaƙa gicciye, ni kuma zan ɗauka a zaga gari? Na yi wayo na sari rimi. Ƙato ne a ido, amma ko akuya za ta ja shi. Har nishi da tangaɗi na koya a bayan ɗaki.

Kika zo shara, kika ɗaga shi da hannu ɗaya kika share ƙarƙashinsa. Ba ki yi faɗa ba. Cewa kawai kika yi, “Shi Yesu ba a bar shi ya zaɓi itace ba.”

Da safe na shiga daji na saro kirya. Ranar zagayen, kafin mu kai kasuwa kafaɗata ta saɓule, ke kina bayana kina waƙa da Hausarki mai ƙamshin Kambarci. A nan na gane abin da wa'azi bai shigar mini ba: mai fata irin tawa ne ya ɗauki wannan, saboda ni.

Tun daga nan ni ke ɗauka. Ko shekarar da aka ba mu Jihar Neja, da muka binne ki, ban fasa ba.

Bana dai bayana ya ƙi, Inna. Jikanki Yohanna zai ɗauka. Jiya ya gwada, ya tambaye ni ko za a ɗan rage gicciyen da gizago. Har hannuna ya kai ga gizagon, kin san ɗa. Sai na ji maganarki ta fito daga bakina, ba wasa a ciki. Ya sake sa kafaɗa ya ɗauka.

Gobe zan bi bayansa daidai inda kike tsayawa, ko da matan zumuntar coci za su kore ni daga layinsu.

Ubangiji da ya sha wuya dominmu ya ba ki hutawa, ya ƙarfafa kafaɗar yaron nan, ya kuma kama bakina har ƙarfe uku. Amin.

Ɗanki mai surutu,
Bitrus