Katangar Baba Manu

Jibiya, 16 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Hajjo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Tunda aka katse mana layin waya sai takarda, shi ya sa na ba Ɗantala direba wannan ya kawo miki Maraɗi.

Ruwan ranar Talata ya yi mana ɓarna. Katangar da ke tsakaninmu da Baba Manu ta faɗi bayan la'asar, ta ja gefen ɗakin marigayiya Inna. Salmatu da yara lafiya lau. Iya Fatu, matar Baba Manu, ta ɗan ji ciwo.

Rabe magini ya duba, ya ce ruwa ya ci gindin ginin, gyaran ba ƙarami ba ne. Ni kuwa na fara tunanin tashi. Akwai wani ɗan kasuwa da ke son gidan ya mayar da shi sito, tunda yana kusa da hanyar iyaka, kuma na ga wani gida a Katsina mai ɗaki uku da famfo. Kin san yadda unguwar ta koma, ƙarar manyan motoci da warin fetur tun safe. Amma gidan gado ne, nawa da naki, ba zan sayar ba sai da yardarki.

Ki gaishe da mutanen gida duka.

Ƙanenki, Sadisu

Maraɗi, 20 ga Satumba

Sadisu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Allah ya kiyaye gaba.

Takardarka ta iso, na karanta sau biyu. Ka ba ni labarin famfon Katsina da ɗakuna uku, Iya Fatu kuwa layi ɗaya ka ba ta. Sai da na tsare Ɗantala da tambaya ya ce min ƙashin cinyarta ne ya karye, tana kwance ba ta ko juyawa. Wannan ne "ta ɗan ji ciwo"? Matar da ta yi wata huɗu tana juya Inna a kan gado, tana wanke ta, lokacin da ni, 'yar cikinta, nake nan ina cewa sai wata mai zuwa?

Katangar ga tun mahaifinmu yana da rai take tsaye, ta ga damina fiye da talatin. Me ya kayar da ita bana? Kuma kai da ka rantse a gaban Inna ba za ka bar gidan ba, me ya same ka cikin kwana biyu?

Ba na cewa e, ba na cewa a'a, sai ka gaya min gaskiya. Ka gaishe da Salmatu.

Yayarka, Hajjo

Jibiya, 25 ga Satumba

Yaya,

Bayan gaisuwa. Kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Ni na kayar da katangar. Bara, da na sa kwano a ɗakuna na kuma shafe tsakar gida da siminti, Rabe ya gaya min duk ruwan zai riƙa taruwa a gindinta. Ya ce sai an fasa daɓen zaure an yi kwata ta fitar da shi titi. A zauren nan nake jibge buhunan gero da wake kafin ranar kasuwa. Na ce masa a bari tukuna.

Baba Manu ya same ni sau biyu. Na farko ya ce ɓangarensu yana jiƙewa. Na biyu ya kama hannuna ya kai ni, na ga tsagewar da idona, yatsa yana shiga. Na ce masa bayan Sallah. Sallah ta zo ta wuce.

Iya Fatu ta fita ne ta kwance akuyarta daga gindin katangar. Ni na ɗauke tubalin da ya danne ta, ina jin ihunta har yanzu.

Abin da ya fi damuna, Yaya, da aka gama ciro ta, Baba Manu ya juyo ya tambaye ni ko yarana ba su ji ciwo ba. Duk wanda ya zo jaje sai ya ce ƙaddara ce. A masallaci kullum shi ne ke fara miƙo min hannu. Na koma yin salla a masallacin tasha don kada mu haɗu.

In na gyara gidan, dole in fasa zauren, kowa ya gane dalili. In na zauna, kullum zan ga yadda take tafiya. Ba ƙarar motoci ce ke korata ba.

Ki yafe min ƙaryar da na yi miki.

Sadisu

Maraɗi, 29 ga Satumba

Ƙanena,

Ina gaishe ka. Na yi kuka da takardarka, ban kuma ga bakin yi maka faɗa ba. Ni ma shekara biyu ke nan ban tako na yi wa Iya Fatu godiya ba, daga nan zuwa nan, don kunyar haɗa ido da ita. Turmin atamfa na aika mata, na ce wa kaina ya isa.

Amma ka duba abin da kake shirin yi. Ka sayar, mai sito ya zo ya riƙa tsayar da motoci a ƙofar tsohuwa mai karaya, kai kana Katsina. Wa zai tayar musu da katanga? Ɗansu ɗaya, yana Legas.

Kason da nake da shi a gidan ga ba na sayarwa muddin tana kwance. Ka shiga wurinsu ka faɗi abin da ka faɗa min. Bayan nan, in har yanzu kana son tashi, sai mu yi magana.

Ina nan tafe ranar Lahadi ta sama in Allah ya yarda. Ka gaya wa Salmatu zan kwana biyu.

Hajjo

Jibiya, 3 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Na shiga jiya da hantsi. Na durƙusa na faɗi duka, har maganar Rabe.

Baba Manu ya saurare ni har na gama. Can ya ce, "Sadisu, ai ni na nuna maka tsagewar. Me za ka gaya min da ban sani ba? Na ce ƙaddara ne don kada mutanen unguwa su saka ka gaba. Na yafe nawa. Amma ƙafar ba tawa ba ce."

Na leƙa ɗakin Iya Fatu na maimaita mata. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Maganar yafiya ba ta ce komai a kai ba, ni ma ban sake roƙo ba. Maɗori ya ce za ta tashi, amma da sanda.

Na sallami mai siton. An kwashe buhunan, gobe Rabe zai fara fasa zauren. Katangarsu za mu fara tayarwa, ɗakin Inna ya jira.

In kin zo, ki fara shiga wurinta kafin ki shigo namu. Ta tambaye ki.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanenki, Sadisu